In Man Birki Ya Ragu, Ina Ya Tafi?

Daga Wakilinmu

Ma'aikatan gwamnati da suka kama aiki a shekarun 1970 da 1980 ba za su manta da mota samfurin Peugeot 504 ba, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. A ƙasar Faransa aka fara ƙera ta a 1968, sa'an nan a 1975 masana'antar haɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, har 504 ta zama motar ofis, motar haya, kuma motar da ma'aikaci ke hange in bashin mota ya fito. An daɗe da daina haɗa ta, amma har yau tana nan a hannun 'yan fansho da 'ya'yansu da suka gāda, da direbobin da ke jigilar kasuwannin ƙauye. Injinta yana da juriya. Abin da shekaru ke ci a ɓoye shi ne robobi da bututun birki, kuma a nan ne masu irin waɗannan motoci suka fi yin sakaci.

Al'adar da yawancinmu muka taso da ita ita ce a buɗe bonet da safe, a ga man birki ya yi ƙasa, a ƙara, a rufe, a kama hanya. To, ya kamata mai karatu ya sani cewa man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. A rufe yake tun daga ɗan tulunsa, zuwa masta, watau famfon da ƙafar direba ke turawa, har zuwa tayoyi huɗu. Gaskiya ne yakan ɗan sauka a hankali yayin da fad ɗin birki ke cinyewa, amma wannan sha'ani ne na watanni. In mutum ya ga yana ƙari kowane mako, man yana fita ta wani wuri, kuma ƙofar da yake fita ba za ta toshe don kanta ba.

Binciken farko ba ya bukatar bakanike. A ajiye mota a wuri mai tsabta, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Man birki yana da santsi a yatsa, sabonsa garau ne ko ya ɗan yi ruwan ɗorawa, tsohonsa kuwa ya yi duhu, kuma ruwa yana wanke shi, saɓanin baƙin mai. Inda ɗigon ya sauka zai nuna wajen da za a duba. A lura dai, kulocin 504 ma da irin wannan mai yake aiki, don haka ba kowane ɗigo ne na birki ba. Bayan haka a shiga mota a taka birki a riƙe kamar minti guda. In ƙafa tana nitsewa a hankali, ko dai akwai yoyo, ko kuma robar cikin masta ta gaji tana barin mai ya koma baya. In kuwa birkin ya yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga.

Wurin da ya fi yawan yoyo a tsofaffin motoci shi ne tayoyin baya masu doram, irin na 504 a-kori-kura da mai dogon baya. A cikin doram akwai ɗan ƙaramin silinda da ke buɗe shu. In robarsa ta mutu, sai a ga cikin taya ya jiƙe, ƙura ta manne ta yi baƙi. Shu ɗin da ya sha mai ya tashi daga aiki. Wasu sukan wanke shi da fetur ko su gasa shi a wuta su mayar, alhali kuwa man ya riga ya shige ciki, da ya yi zafi zai sake fitowa. Canzawa ake yi, kuma na tayoyin biyu a lokaci guda, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe ɗaya in an taka birki.

Sai tiyon roba da ke kusa da kowace taya, wanda rana da tsufa ke tsattsagawa. A sa wani ya taka birki a duba shi. In ya kumbura, a fitar da shi. Bututun ƙarfe kuma tsatsa ke cinsa, musamman inda laka ke taruwa da damina.

Amma yoyon da ya fi ruɗa mutane shi ne wanda ba ya ɗiga a ƙasa ko kaɗan. A bayan masta akwai wata tukunya mai taimaka wa ƙafar direba, wadda makanikai ke kira sabo. In robar ƙarshen masta ta lalace, man yakan zuba cikin wannan tukunya, daga nan inji ya zuƙe shi ta tiyon iska ya ƙone, har wani lokaci a ga farin hayaƙi a salansa. Mai mota yana ta ƙari, ƙasa kuwa a bushe. Alamar da za a nema ita ce fentin da ya ɓare a jikin tukunyar daidai ƙarƙashin masta, domin man birki yana cin fenti. Da an kwance ƙusoshin masta an ja shi gaba kaɗan, za a ga danshi.

Dole mu yi magana a kan dabarun bakin hanya. Akwai masu zuba ruwan sabulun gari a tulun birki, akwai masu lanƙwasa bututu ko su cusa ƙusa su kashe ƙafa ɗaya. Irin wannan yakan kai mota gari na gaba, shi ya sa ake yabonsa, sai dai abin takaici akan bar shi haka wata da watanni. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Ko man kirki ma yana shan danshin iska, in ya daɗe DOT 3 yakan faɗo wajen digiri 140, dalilin da ya sa ake so a canza shi duk bayan shekara biyu ke nan. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos da mota cike da kaya ya san irin zafin da birki ke ɗauka. In abin da ke cikin bututu ya tafasa ya zama tururi, ƙafa za ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Mafi muni shi ne zuba baƙin mai ko man giya, domin suna kumbura robobin birki gaba ɗaya. DOT 5 kuma haɗinsa daban ne, ba a cakuɗa shi da sauran.

Wajen gyara, ra'ayinmu shi ne a daina rowar da ba ta da riba. Sabuwar roba tana aiki ne kawai in cikin silinda sumul yake. In tsatsa ta yi masa ramuka, robar za ta yage cikin makonni, gara a sayi silinda sukutum. Bututun da ya huje ba a yi masa walda, ba a kuma ɗaure shi da roba. A sa sabo na ƙarfe wanda aka yi don birki.

Bayan an ɗaura komai sai fitar da iska, aikin da ke bukatar mutum biyu: ɗaya yana taka birki ya riƙe, ɗaya yana buɗe ɗan ƙusan da ke jikin silinda ya rufe kafin a ɗaga ƙafa, har man ya fito ba kumfa. Ƙa'idar ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, sitiyari da masta suna hagu ne, saboda haka a fara da tayar baya ta dama, a ƙare da ta gaba ta hagu. Kada a bari tulun ya ƙafe ana cikin aiki, in ba haka ba sai an sake daga farko. A yi amfani da man da aka buɗe sabo, domin gwangwanin da ya kwana biyu a buɗe ya riga ya sha danshi.

Daga nan a gwada motar a hankali a fili inda babu jama'a, a tabbatar birkin hannu yana kamawa. A sa alama da alƙalami a jikin tulun, a riƙa duba ta kowace safiya har mako guda, a kuma sake shimfiɗa kwalin nan ta kwana a kansa.