FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata mai tsohuwar mota ya sani kafin ya ɗaura wa injin kafireta turbo

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, lissafin direbobin karkara ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki a Arewa, kuma a Oktoban 2024 ta wuce 1,000 a Abuja. Faɗuwar darajar naira kuwa ta sa ko mota 'yar Kwatano ta fi ƙarfin talaka.

A yankin Maƙarfi, Kudan da Ikara, inda rake, mazarƙwaila, tumatir da masara ke fita zuwa Zariya da Kano, tsofaffin Fijo a-kori-kura na cikin masu ɗaukar wannan nauyi. Kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma yawancin 504 ɗin da ya fitar kafireta ce ke shayar da su mai. Mai irin wannan mota, wadda ke nishi idan an lafta mata rake, ba abin mamaki ba ne ya ga bidiyo a TikTok ya fara tunanin sayo tsohon turbo a Panteka ko Ƙofar Ruwa ya ɗaura mata.

Abin mai yiwuwa ne. Sai dai kuɗin turbo ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da aikin zai ci.

Yadda turbo ke aiki

Inji ba ya samun ƙarfi sai gwargwadon iskar da ya shaƙa, domin kowane giram ɗaya na fetur na buƙatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Turbo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, farfela biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin salansa ke juya ta farko, ta biyun kuma ta dinga cusa iska cikin inji da ƙarfi. Sandar kan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma ba abin da ke hana ta narkewa sai baƙin man da ke ratsa ta.

Inda kafireta ke kawo cikas

Motar injakta tana da kwamfutar da ke auna iska, ta ƙara mai daidai da ita. Kafireta ba ta da wannan wayon: an ƙera ta ne don iskar da inji ke zuƙa, ba wadda ake tura masa ba. Hanya biyu ake bi a shawo kan hakan, kowace da larurarta.

Ta farko, a sa kafireta gaban turbo, ta yadda iska da fetur za su gauraya kafin su ratsa farfela. Ita ce mafi arha, amma ba a iya sa mata na'urar sanyaya iska, domin tururin fetur zai taru a ciki, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya tarwatsa ta. Tana kuma buƙatar turbo mai hatimi na musamman, in ba haka ba inji zai riƙa zuƙo baƙin mai yana ƙonawa.

Ta biyu, turbo ya hura iska ta cikin kafireta. A nan matsalar famfon mai ce. Famfon da ke jikin tsohon inji matsinsa bai wuce ba 0.3 ba, wato ƙasa da sulusin nauyin iskar duniya. Da zarar turbo ya kai wannan matsi, iskar za ta rinjayi fetur ta hana shi shigowa. Inji sai ya shiga ƙishin mai a daidai lokacin da direba ya take totur a kan hawa, zafi ya yi yawa, kan fistan ya huje. Maganinsa famfon lantarki, na'urar da ke ƙara matsin mai daidai da na iska, bututun mayar da rara zuwa tanki, toshe duk wata kafa a jikin kafireta, da sauya jet-jet ɗinta. Duk inda aka yi sakaci a toshewar, fetur zai feso kusa da ƙarfen da zafinsa kan haura digiri 800.

Akwai kuma ƙwanƙwasa, wato fetur ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama aikinta. Iskar da aka matsa tana zafi, balle a watan Afrilu da ma'aunin zafi ke kusantar digiri 40 a ƙasar Zazzau. Dole a ja taimin baya duk lokacin da turbo ya fara turawa, abin da distirbito na asali bai san yi ba. Ingancin man ma abin dubawa ne. Ba a manta gurɓataccen fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ba, kuma a ƙauyuka da dama a galan ake sayen mai a bakin titi.

Manyan kamfanoni ma sun sha wuya

A 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fitar da Jetfire mai kafireta da turbo. Don hana ƙwanƙwasa sai da ya sa mata wani tanki na ruwa da metanol da ake fesa wa inji. Masu motar suka riƙa mantawa da cika shi, aka daina ƙera ta bayan shekara biyu, da yawa kuma aka cire musu turbo ɗin. Renault 5 GT Turbo ta 1985 ta yi nasara, amma an rage matsin injinta tun daga masana'anta, an sa mata na'urar sanyaya iska da kafireta ta musamman. Shi kansa Peugeot, da ya tashi yin 505 Turbo mai fetur, bai ɗaura wa injin 504 turbo ba: wani inji daban ya ɗauko, mai injakta.

Idan haka ta kasance ga masu ɗakunan gwaji, yaya ga injin da ya shekara talatin yana shaƙar ƙurar hunturu, ringinsa ya gaji, lagireto na tafasa tun kafin a kai Tashar Yari? Ƙari a kan haka, turbo ɗin da ya fi sauƙin samu a kasuwar kayan gyara na motocin dizal ne, wanda ba a ƙera shi don zafin hayaƙin fetur ba, kuma sau tari girmansa bai dace da injin lita biyu ba.

Batun tsimin mai

Wasu na zaton turbo zai rage shan mai, ganin sababbin motoci masu ƙaramin inji da turbo ba sa sha sosai. Sirrin waɗancan shi ne ƙanƙantar injin da kwamfutar da ke kula da shi. A tsohon inji, ƙarin iska na nufin ƙarin fetur, kuma don kare fistan dole a buɗe wa kafireta mai fiye da kima. Direban da ke kukan tsadar lita zai ƙara wa kansa ne.

Wanda ƙarfi yake nema da kuɗi kaɗan, zai fi cin riba idan ya fara da auna matsin silinda, sauya ringi da gaskit, wanke kafireta, daidaita taimin da gyara lagireto. Tsohon inji kan dawo da kaso mai tsoka na ƙarfin da ya rasa ta wannan hanya. Wanda tsimi yake nema kuwa, shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya fi kusa da buƙatarsa, duk da cewa gas ɗin kan ɗan rage ƙarfin inji, kuma gidajen sayar da shi na manyan birane ne, ba Hunƙuyi ko Ikara ba.

Ko an yi komai daidai, turbo ba ya ƙara wa birki, kuloci ko taya komai. A-kori-kurar da ta taso daga kasuwar Maƙarfi da rake maƙil, 'yan dako zaune a samansa, za ta fi da gudu a kan titin Zariya zuwa Kano, amma da birkin da aka auna mata shekaru arba'in da suka wuce za ta tsaya. Waɗanda ke saman raken ba a tambaye su ba kafin a ɗaura turbo.