Gorar Roba A Duhun Binuwai: Yadda Masuntan Jimeta Ke Gane Kayansu Da Dare

Idan aka idar da sallar isha'i, hayaniyar Jimeta ta lafa, a lokacin ne wani rukuni na ma'aikata ke fara aiki a ƙarƙashin gadar da ta ratsa kogin Binuwai da kuma gefen tafkin Geriyo. Masunta ne. Da yamma suke shimfiɗa raga ko su ja mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi, sa'an nan su dawo cikin dare ko gab da asuba su duba abin da Allah ya hore. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa sun fi yawo da dare, giwan ruwa ma yakan matso bakin gaɓa farautar ƙananan kifaye idan duhu ya yi. Wanda yake son babban kamu ba shi da zaɓi sai ya saba da duhu.

Matsalar tana farawa ne daga abin da ba ya kai naira ɗari. Ragar da aka shimfiɗa tana ƙarƙashin ruwa, darma na jan ta ƙasa, abin da kawai ke nuna inda take shi ne alamar da ke yawo a sama: gorar ruwan sha da aka toshe bakinta, ko ƙaramar jarka, ko gutsuren soso, ko tsohon silifa. A da ƙwarya da gora ake ɗaurawa. Da rana ana hango su daga nesa. Da dare, musamman a ƙarshen wata ko cikin hazon hunturu na Disamba da Janairu, gorar roba da ƙoƙon kan ruwa duk ɗaya ne a ido. Masunci na iya shafe sa'a guda yana kewaya wuri ɗaya da kwale-kwale, alhali kifin da ya kamu tun farkon dare yana lalacewa, ko wani babban kifi yana cinye shi.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Kogin ba na masunta kaɗai ba ne. Akwai masu fito, akwai masu ɗibar yashi, akwai jiragen inji da ke ɗauko kaya daga ƙauyukan bakin ruwa. Jirgin da bai ga alama ba zai bi ta kan raga, farfela ta naɗe zaren, inji ya mutu a tsakiyar ruwa. Mai raga ya rasa jarin da ya tara na watanni, mai jirgi kuma ya shiga haɗari da duk wanda ke cikinsa. Ragar da ta tsinke ta tafi ba ta daina aiki: tana ci gaba da kama kifi yana ruɓewa a ƙasa, ba mai amfana.

Mai karatu zai ce, to, me ya hana a ɗaura fitila? Fitilu masu caji da hasken rana sun cika kasuwar Jimeta, kuma ba su da tsada sosai. Amsar ita ce ɓarawo ma yana da ido. Fitilar da ke ci a kan ruwa tun magariba sanarwa ce ga kowa cewa ga raga nan, mai ita kuma yana gida. Shi ya sa wasu masuntan da gangan suke zaɓen alama mai duhu, ko su nutsar da ita kaɗan, su dogara da wata bishiya ko hasken wani gida a gaɓa don tuna wurin. Dabarar tana tsare kaya daga sata, amma tana miƙa shi ga farfela. Tsakanin waɗannan tsoro biyu masuncin Binuwai yake yanke shawara kowace yamma.

Masu kamun kifi na nishaɗi a Amurka sun fuskanci irin wannan ƙalubale ta wata fuska. Masu farautar wani kifi mai ratsi-ratsi a manyan tafkunansu suna amfani da ƙananan alluna masu yawo, waɗanda ke jan zaren fatsa zuwa gefe, nesa da jirgi, don kada ƙarar inji ta kori kifin. Da dare dole a riƙa ganin allon, domin motsinsa ne ke nuna kifi ya kama. Sukan ɗaura masa ƙaramar fitila ko sanda mai haske, amma abu mafi araha shi ne manna masa tef mai mayar da haske, irin wanda ake gani a bayan tirela da rigar ma'aikatan hanya.

Wannan tef ɗin ya dace da Binuwai fiye da fitila, saboda yadda aka ƙera shi. Ba ya ba da haske da kansa. Idan haske ya faɗa masa, yana mayar da shi ne kai tsaye zuwa inda ya fito. Saboda haka mai sanye da tocilar goshi, wadda ke daf da idonsa, zai ga gorar tana walƙiya daga nesa, wanda ke tsaye a gefe kuwa da ƙyar ya lura. Direban jirgin da ya haska gabansa zai gan ta ya kauce. Ɓarawon da ke son ganinta sai ya kunna tasa tocilar, ya tona kansa. Ba ya buƙatar batir. Sai dai a naɗa shi ya kewaye gorar, tunda ruwa na juya ta, kuma a ɗaga shi kaɗan a kan sanda don kada igiyar ruwa ta rufe shi. Launi ma yana da amfani: ja a ƙarshe ɗaya na raga, fari a ɗaya, sai mai wucewa ya san kada ya ratsa tsakani.

Hasken tocila kuma yana da nasa farashi. Idon mutum yana ɗaukar kimanin minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske mai ƙarfi kuwa yana rushe wannan sabo nan take. Jan haske mara ƙarfi bai cika yin haka ba, kuma bai kai fari tara ƙwari a fuska ba.

Da damina lissafin yakan canza gaba ɗaya. Ruwa na ƙaruwa, yana tafe da ciyayi da itatuwa, kuma idan aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, ƙaramar gora nutsewa take yi. Sai jarka, sai anga mai nauyi.

Ga waɗanda ke zaune a ofisoshin Abuja, batun ba baƙo ba ne a takarda. A 2018 kwamitin kamun kifi na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin sa kai kan sanya wa kayan kamun kifi alama, don a san mai su, a kuma rage waɗanda ke ɓacewa a ruwa. A gida, an ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da sashen kamun kifi na tarayya duk suna ƙarƙashinta yanzu. NIWA ta sha nanata haramcin tafiyar jiragen fasinja da dare, tana raba rigunan kariya. Amma haramcin ba ya ɗauke masunci daga ruwa, domin dare ne lokacin aikinsa, kuma raga tana kwana a wurin ko da mai ita ya tafi.

A bakin kogi, wanda ake jin maganarsa kan inda za a shimfiɗa raga da inda jirgi zai bi shi ne Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta. Su ne za su iya tsayar da launi ɗaya ga kowa daga Geriyo zuwa Njuwa, su kuma ware hanyar jirage. Naɗi ɗaya na tef ɗin, idan aka yayyanka shi, zai wadatar da gorori masu yawa, kuma ana samun sa a wurin masu sayar da kayan gyaran mota a Jimeta.