Ruwan Belbeji ba shi ne ruwan Tanut ba

Mu mutanen Damargu mun san halin damina. Hadari yakan taso ya zuba a Belbeji, ya tsallake Tanut. Manomi ya yi shuka da ruwan farko, sai sama ta ɗauke, ko yayyafi babu. Iri ya ƙone, ga rumbu ba saura.

Shi ya sa ma'aikatan yanayi suke kafa ma'aunin ruwan sama gari-gari. Kowace safiya mai kula da shi yana rubuta sunan gari, kwanan wata da yawan ruwa. Milimita 1 ita ce lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1, faɗin mita 1. Duk wanda ya koyi lamba a ajin yaƙi da jahilci zai iya riƙe wannan littafi.

Ana aika lambobin Yamai, a shigar da su cikin kwamfuta, kowane gari da gurbinsa a taswira. Tana tara su kwana goma-goma, ta gwada bana da shekarun baya. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, irin aikin da take yi wa ƙasashen Sahel ke nan. Masana sukan ce a jira milimita 20 cikin kwana 3 kafin a shuka gero.

Amma kwamfuta ba ta ganin hadari. Abin da muka ba ta shi take lissafawa. Ranar da ba a yi ruwa ba, mu rubuta 0. In muka bar gurbin wayam, ba za ta san ko fari ne ko mantuwa ba.