Dalilan Da Ke Sa Ciniki Watsewa A Kan Albashi Wajen Ɗaukar Ma'aikata A Keffi

KEFFI: Tun daga shekarar 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, garin Keffi yake ta bunƙasa, musamman bayan kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a garin, ga kuma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima. Makarantu masu zaman kansu da asibitoci da otel-otel da gidajen mai da shagunan magani sun yawaita, kuma dukkansu suna bukatar ma'aikata masu ilmi. Amma sau da yawa akan yi intabiyu lami lafiya, mai neman aiki ya amsa tambayoyi yadda ya kamata, sai an zo batun albashi ciniki ya watse, kowa ya tashi yana ganin an raina masa hankali.

Tushen wannan saɓani shi ne kowane ɓangare da mudun da yake awo da shi. Shi mai neman aiki, musamman wanda bai daɗe da kammala hidimar ƙasa ba, yana duban alawus ɗin Naira 77,000 da Gwamnatin Tarayya ta fara biyan masu hidima a watan Maris na 2025, maimakon Naira 33,000 da ake biya a da. Wanda ya saba karɓar wannan kuɗi a kowane wata, da wuya ya yarda cewa aikin dindindin zai ba shi abin da bai kai haka ba. Har ila yau yana sane da cewa a watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga albashi mafi ƙaranci daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000.

Bugu da ƙari, Keffi ba ta wuce tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka daga Abuja ba. Ma'aikata da yawa na babban birnin suna zaune ne a garuruwan da ke kan wannan hanya, kamar Masaka da Mararaba, wasu ma a Keffin kanta, abin da ke jan kuɗin haya da na masarufi zuwa sama. Saboda haka mai neman aiki yakan kwatanta tayin da aka yi masa da abin da abokinsa ke samu a Abuja. Ga kuma tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba ta 2024.

Shi kuwa mai ɗaukar aiki, mudunsa shi ne abin da ke shiga aljihun sana'arsa. Mai makaranta ba ya iya ƙara kuɗin zango yadda yake so ba tare da iyaye sun kwashe 'ya'yansu ba, kuma tsadar da ta taɓa ma'aikaci ita ce ta taɓa shi wajen sayen man janareta da biyan haya. Sa'an nan dokar albashi mafi ƙaranci ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin da ba na cikakken lokaci ba ko waɗanda ake biya da kamasho ba. Ƙananan sana'o'i da yawa suna cikin wannan rukuni, amma masu neman aiki kaɗan ne suka san da wannan togaciya, don haka suke ɗaukar tayin da ya gaza Naira 70,000 a matsayin karya doka.

Wani abin da ke ƙara dagula al'amari shi ne bambanci tsakanin jimillar albashi da abin da ke isa hannun ma'aikaci. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, shi kuma ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa. Alal misali, idan aka yi tayin Naira 100,000 a wata, kuma aka lissafa fansho a kan dukkan kuɗin, mai kamfani zai kashe Naira 110,000, ma'aikaci kuwa zai ga Naira 92,000 kafin a cire haraji. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairu na 2026 ta yafe Naira 800,000 na farko a shekara ne kawai, abin da ya haura nan ana cire masa haraji. Ke nan mutum biyu sun amince da adadi ɗaya a baki, alhali kowa da abin da yake nufi a zuci, wato an yi cinikin biri a sama.

Asarar da ke cikin wannan ta fi faɗawa kan mai sana'a. Ma'aikacin da ya karɓi albashin da bai gamsu da shi ba don matsuwa, yakan zauna ne ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, da zarar ya sami hanyar Abuja sai ya tafi da horon da aka kashe kuɗi aka ba shi. Makarantar da malamin lissafi ya bari a tsakiyar zango, ko shagon da mai riƙon littafin kuɗi ya bari ba shiri, sun san cewa rarar da suka yi a albashi ba ta biya ɓarnar ba.

Maganin abin ba mai tsada ba ne. Na farko, a bayyana iyakar albashin tun a sanarwar neman ma'aikata, daga kaza zuwa kaza, domin wanda bai yi masa ba ya huta, ya kuma hutar da masu intabiyu. Na biyu, a faɗa wa mai neman aiki adadin da zai shiga hannunsa bayan an cire fansho da haraji. Na uku, idan akwai ɗakin kwana ko abincin rana ko kuɗin mota, a ƙiyasta su da kuɗi a gabansa, domin a gari irin Keffi ɗaki kusa da wurin aiki yana iya cike giɓin da ke tsakanin tayi da bukata. Na huɗu, wanda ba zai iya biyan abin da ake nema yanzu ba, ya sa ranar da za a sake duba albashin, ya kuma cika alkawari.

A ƙarshe, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, ciki har da albashi da yadda ake lissafa shi, kafin cikar wata uku da kama aiki. Mai sana'ar da ya miƙa wannan takarda tun ranar farko ya toshe ƙofar gardama, ya kuma tanadi hujja idan magana ta kai gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Hausawa dai sun ce tun ran gini ran zane.