Yadda Wayar Hannu Za Ta Ƙiyasta Yawan Jariran Sikila A Illela

A Illela, garin da ke kan iyakar Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni ta Nijar, masu shirin aure da dama sun san AA, AS da SS. Abin da ba a cika yi ba shi ne tattara waɗannan sakamako domin a gano jarirai nawa za a haifa da sikila. Lissafin bai fi ƙarfin Excel ko Google Sheets na waya ba.

Kowane mutum yana da ƙwayoyin gado biyu na jininsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS yana da S guda, mai SS yana da biyu. Ga misali na ƙirƙira: an gwada manya 1,000, an samu AA 760, AS 230, SS 10. Ƙwayoyin gado duka 2,000 ne, S kuma 230 da 20, wato 250. Idan aka raba 250 da 2,000 za a samu 0.125. A manhajar, a sa 760 a A2, 230 a B2, 10 a C2, sannan a rubuta =(B2+2*C2)/(2*(A2+B2+C2)) a D2.

Daga nan sai ƙa'idar da masanin lissafi G. H. Hardy na Ingila da likita Wilhelm Weinberg na Jamus suka fitar, kowa da kansa, a 1908. Idan ana aure ba tare da la'akari da jini ba, rabon SS a cikin jarirai shi ne wannan adadi sau kansa. =D2^2*1000 zai ba da kusan 16 cikin 1,000. Amma rajistar ta nuna 10 kacal, saboda yara masu SS da yawa ba sa kaiwa girma. Masu AS kuwa sun zarce 219 da lissafi ya yi hasashe. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa AS na ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Auren zumunci ya fi komai sauya lissafin. Ga 'ya'yan wa da ƙani, ana ƙara kashi ɗaya cikin 16 na 0.125 sau 0.875. Adadin sai ya tashi daga 16 zuwa kusan 22 cikin 1,000. Ƙarin jarirai shida zuwa bakwai ke nan, kuma kowannensu na bukatar magani, wasunsu har da ƙarin jini lokaci zuwa lokaci.

Iyaka ma tana da nata tasirin. Ƙa'idar ta ɗauka jama'a ba sa shiga ba sa fita, alhali Illela da Ƙonni suna auratayya da kasuwanci. Haka nan rajistar asibiti ba ta dace da wannan aiki ba, domin marasa lafiya ne suka fi zuwa. Ta gwajin kafin aure ta fi, irin wanda Jihar Kano ta wajabta a 2024. Idan an ga AC ko SC a ciki, a buɗe musu layi na daban, a ƙirga C kamar yadda aka ƙirga S.