Me Ya Hana "Karen Mota" Tsufa?

A unguwar Ɗan Iya ta birnin Bauchi, masu rumfar caji da ke tura wa mutane waƙoƙi a waya sukan ware wa mawaƙan da wurinsu daban, kuma da wuya a duba a rasa "Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos. Mai waƙar, Adamu Wayya, ya rasu ranar 20 ga Yunin 2015. Samarin da ke neman ta yau, da yawansu ba su taɓa ganin yaro na bin motar katako da weji a kan tudu ba.

Asalin farin jininta yana ga wanda aka yi wa ita. Da can waƙa galibi ta mai rawani ce da mai dukiya. Narambaɗa na fadar Isa, Shata kuma, duk da ya taɓa kowa, manyan mutane ne suka fi cika bakinsa. Sai ga wani maraya da aka haifa a Bukuru a 1946, wanda ya tashi a hannun Sarkin Hausawan garin, ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya wasa karen mota, yaron da ke kiran fasinja, ya ɗaure kaya, ya canza taya, ya tura mota in ta mace. Jos ta lokacin garin kuza ce, cike da leburori da direbobi, hanyarta zuwa Bauchi ba ta rabuwa da manyan motoci. Masu sauraro suna nan tun kafin a yi waƙar, jira kawai suke a ambace su.

Ƙanƙantar kayan kiɗan ma ta taimaka. Ba 'yan amshi, ba tarin kalangai, murya ce da kuntigi, don haka ko a rediyo mai shaƙaƙƙiyar sifika kowace kalma na fita tas. Rediyon Kaduna ya kai ta ƙauyuka, kaset ya shigar da ita motocin haya, inda wanda ake yabon ke rataye a ƙofa yana ji.

Amma ɗorewar tata ba irin ta kiɗan jaz na Amurka ba ce. Can, waƙa kan rayu ne saboda kowa na ɗaukarta ya juya. "Summertime", wadda George Gershwin ya tsara wa wasan Porgy and Bess na 1935, an sake yin ta sau dubbai, daga Billie Holiday zuwa Miles Davis, kowa da nasa salon, ba mai cewa an yi sata. Mu a nan waƙa da mai ita a ɗaure suke. Wanda ya rera "Karen Mota" a gidan biki, kwaikwayo za a ce yana yi, a auna shi da marigayin, a ga bai kai ba.

Wannan ya kare waƙar daga 'yan kwaɓe, kuma ni ban raina wannan riba ba. Sai dai hasarar ta fi nauyi. Yaron da ba zai sami yabo don ya ƙware a waƙar wani ba, me zai sa ya ɓata shekaru yana koyon kuntigi? Gara ya je situdiyo a Kano a haɗa masa kiɗan fiyano cikin yini guda. Shi ya sa ɗan acaɓa da mai Keke Napep, waɗanda suka gaji wahalar karen mota a titunan Bauchi, har yanzu a muryar da aka naɗa tun kafin a haife su suke jin labarinsu.