Na kai yara Aburi su ga gidan Turawa, suka ɓuge da rungumar rimi

A tsakar gidanmu na gado da ke Sakasaka akwai wata darbejiya da ta girme ni. A ƙarƙashinta Inna take shimfiɗa tabarma da hantsi ta tsince shinkafa, a nan aka raɗa wa yaran gidan suna ɗaya bayan ɗaya, kuma idan zafin watan Maris ya sauko wa Tamale, ɗaki ya zama kamar tanda, can kowa ke gudu. Watannin baya Yaya ya tara mu ya ce a sare ta a gina ɗakuna biyu na haya a wurin. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Tamale sai cika take yi, ɗalibai da ma'aikata na neman ɗaki ido rufe, kuɗin maganin Inna kuma kullum ƙaruwa yake. Ni ne ma na fara cewa na yarda. Har magini ya zo ya auna.

Ana cikin haka sai wani biki na dangin matata ya kai mu Madina, a gefen Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa. Hutun makaranta ne na watan Agusta, don haka muka kwashi yaran duka uku: babbar mai shekara tara, na tsakiya mai shida, da Auta da bai cika uku ba. Motar dare muka shiga, tafiyar wajen kilomita 600 ta Kintampo da Techiman da Kumasi. Wanda ya taɓa yin wannan hanya da ɗan shekara uku a cinya ba sai na ba shi labari ba.

Bayan an watse daga biki, kwana ɗaya ya rage mana. Wani surukina ya ce kada mu koma arewa yaran ba su ga lambun Aburi ba. Ni abin da ya ja ni shi ne tarihi, na ji an ce akwai tsofaffin gine-ginen Turawan mulkin mallaka a ciki, na ce to, bari yarinyar nan ta ga abin da take karantawa a littafi da idonta.

Daga tashar Madina muka hau turoturo. Aburi na kan tsaunukan Akuapem, kimanin kilomita 30 arewa da Accra, hanyar kuma tana hawa tana lanƙwasa. Yaran da aka haifa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu ba su saba da wannan ba. Na tsakiyan ya yi tsit, fuskarsa ta canza, kafin mu ankara ya mayar da kokon da ya sha. Duk mai zuwa da yara ya riƙe leda da ruwa a hannu, kada ya sa su cikin jaka a bayan mota kamar yadda na yi.

A kan wannan hawan ne ake wuce Peduase Lodge, gidan hutun shugaban ƙasa da aka gina zamanin Kwame Nkrumah. Ba wurin shiga ba ne ga irinmu, daga mota kawai muka hango. Amma masu karatu 'yan Najeriya za su san sunan Aburi ko ba su taɓa zuwa Ghana ba, domin a nan ne a ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967 Janar Ankrah ya haɗa Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu su sasanta. Sun rattaba hannu, sun koma gida kowa da fassararsa, zuwa watan Yuli yaƙin basasa ya ɓarke. Na fara yi wa babbar bayani, sai na ga hankalinta na kan hazon da ya sauko har kan titi. Ta ce, "Baba, hunturu ne?" Na ce a'a, gajimare ne, mun hau sama ne muka iske shi. Ba ta yarda ba sai da ta miƙa hannu ta taga ta ji damshi maimakon ƙura.

Da shigarka ƙofar lambun, dogayen itatuwa dangin kwakwa ne suka yi sahu biyu, hagu da dama, miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya. Auta ya ɗaga kai yana neman ƙarshensu har ya faɗi zaune.

Asalin wurin ba lambu ba ne. A 1875 gwamnatin Gold Coast ta gina gidan jinya da hutawa a kan tsaunin saboda ma'aikatanta Turawa, waɗanda zazzaɓi ke kayarwa a bakin teku. Sama akwai sanyi da iska, sai a kawo su nan su farfaɗo. Daga baya, zamanin Gwamna William Brandford Griffith, aka share dajin da ke kewaye da gidan aka fara dashe, aka buɗe lambun a watan Maris na 1890. Mutumin farko da aka damƙa wa kula da shi, William Crowther, daga lambun Kew na Landan aka turo shi. Faɗin filin ya kai eka 160, amma wani sashe ne kawai aka gyara, sauran an bar shi daji.

Na tsayar da yaran gaban ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen ina zuba wannan bayani. Wallahi ko minti biyu ba su ba ni ba. Na tsakiyan ya ce, "Baba, ai makarantarmu ta fi wannan girma." Gaskiyarsa. Gini ne dai, bango da rufi da baranda. Ni nake ganin shekaru a jikinsa, su ba su ga komai ba. Can suka hango tsohon jirgi mai saukar ungulu da aka ajiye a kan ciyawa, suka kwasa a guje. Mun fi rabin awa a wurin, kuma sai da na riƙa bin Auta ƙafa da ƙafa saboda tsohon ƙarfe ba ya wasa da fatar yaro.

Abin da ban tsammata ba shi ne rimin. Muna da rimi a arewa, da audugarsa ake cusa matashin kai, yaran sun san shi. Amma na Aburi wani abu ne daban. Jijiyoyinsa sun fito sama da ƙasa sun tsaya kamar katanga, mutum zai shige tsakaninsu a daina ganinsa. Ana cewa yana cikin abin da ya rage na ainihin dajin da ya rufe tsaunin kafin Turawa su share. Babbar ce ta fara gane shi. Ta tsaya, ta shafa jikinsa, ta ce, "Wannan ai namu ne." Nan take suka ce sai mun kama hannu mun zagaye shi. Mu biyar, har da uwarsu, ko kusa ba mu kai ba.

Daga nan wurin ya zama nasu. Wani mai zagayawa da baƙi ya murza ganye ya ba su su shinshina, ya nuna musu itacen kirfa, wadda su a gari kawai suka san ta cikin shayin Inna. Akwai wata bishiya da wata ta nannaɗe ta har ta cikin ta mutu ta ruɓe, ya zama rami ne a tsaye, yaro zai shiga ya ɗaga kai ya ga haske a sama. Akwai kuma itatuwan da manyan baƙi suka dasa da hannunsu, cikinsu har da na Sarauniya Elizabeth ta Ingila daga ziyararta ta 1961. Wannan ma bai dame su ba. Na tsakiyan tambayarsa ɗaya ce: wa yake ba su ruwa duka?

Da azahar ta yi muka nemi gefe. Yankin Akuapem ƙasar coci ce tun zuwan 'yan mishan na Basel, ba kamar Sakasaka ba da kowane lungu akwai masallaci, saboda haka mun zo da butarmu da darduma. Muka yi salla a kan ciyawa ƙarƙashin inuwa, ba wanda ya ko kalle mu sau biyu. Abinci ma daga Madina muka ƙullo shi, shinkafa da wake da duk Ghana ke kira waakye, da dafaffen ƙwai. Shawarata ga mai zuwa da iyali ita ce ya yi haka, ya zo da wuri, ya kuma guji ranakun hutun ƙasa idan yana son yara su sami filin gudu, don an ce ranar nan wurin cika yake da masu kiɗa da ciye-ciye. A sa wa ƙanana riga mai kauri. Mu da muka fito daga Tamale har rawar ɗari muka yi.

Muna cin abinci ne na sayo musu ƙwallon koko guda a bakin ƙofa, aka fasa, suka tsotsi farin abin da ke jikin 'ya'yan, mai zaƙi da ɗan tsami. Ba su taɓa sanin daga nan cakulan ke fitowa ba. Ni kuma a nan tunanina ya tafi wani wuri.

Lambun nan ba don ado kaɗai aka yi shi ba. Wurin gwajin amfanin gona ne da Turawa ke son a noma a sayar musu. Tetteh Quarshie ya riga ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya dasa a Mampong, nan kusa da Aburi, a wajajen 1879. Lambun ya ɗora a kai, yana raba wa manoma dashe da araha yana koya musu yadda ake kula da shi. Zuwa 1911 Gold Coast ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. To su wa suka yi aikin? Da yawa mutanen arewa ne. Turawa ba su kawo mana irin wannan lambu ba, makarantu ma da ƙyar, sun ɗauki arewa a matsayin rumbun 'yan ƙwadago. Samari daga ƙasar Dagomba da Gurunsi da Mossi da ƙasar Hausa suka riƙa gangarowa kudu a ƙafa, suna sharar gona, suna ɗaukar buhu a ka. Zangonni da dama a garuruwan koko da guminsu suka cika. Kakanmu yana cikinsu. Iyayensa fataken goro ne da suka bar Salaga bayan yaƙin 1892, shi kuma ya yi shekaru yana aikin koko a kudu kafin ya dawo Tamale ya sayi filin da muke ciki. Inna ta sha faɗa mana cewa da ya gama ɗaki na farko, abin da ya fara yi shi ne dasa darbejiyar nan, yana ɗebo mata ruwa da tulu duk rani, a garin da ruwan sha ma wahala yake.

Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba sai ranar. Na yi ta jin haushin Turawan da suka yi wa kansu inuwa a kan tsauni da kuɗin ƙasa, haushin kuma yana nan, bai tafi ba. Sai dai su sun tafi tun 1957, itatuwan kuwa suna tsaye, saboda shekara fiye da 130 ba a rasa wanda aikinsa ne ya share ƙarƙashinsu ya hana a kai musu gatari ba. Mu a arewa kaɗanya da ɗorawa muke mayarwa gawayi, buhu-buhu a bakin hanyar Kintampo, mun gan su da idonmu a tafiyar nan. A cikin gari kuma duk wanda ya sami bulo ɗari sai ya fara duban bishiyar tsakar gida. Ban ce talauci ƙarya ba ne, na san abin da kuɗin haya zai yi wa Inna. Amma ɗakin haya wata shida ya ishe shi, inuwar da kakanmu ya bari kuwa ta ci shekarun da suka fi nawa.

A hanyar dawowa babbar ta kwanta a kafaɗata, na ɗauka barci take. Can ta ce, "Baba, idan an sare ta gidanmu, ina Inna za ta zauna?" Ashe duk maganar da muke yi a zaure tana ji. Na ce mata ba a yanke ba tukuna, alhali da bakina na yarda.

Da muka iso Sakasaka, kafin in ajiye jaka na wuce wurin Yaya. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, maganar darbejiyar nan, ina roƙon a dakata." Ya dube ni ya ce, "Kai da ka fara amincewa? Me ka gano a Ankara?" Na ce masa a sake kiran magini ya auna ta bayan gida wajen tsohon garejin, ko da ɗaki ɗaya ne zai fita maimakon biyu, ni zan riƙa cika gibin kuɗin maganin daga albashina. Ya yi shiru, ya ce bai ƙi ba, bai kuma karɓa ba, sai an zauna da sauran 'yan'uwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Yau Laraba. Da safen nan na fito na tarar da na tsakiyan da Auta sun kama hannu sun zagaye darbejiyar, suna kiran yayarsu ta zo ta cike musu, saura kaɗan hannuwansu su haɗu.